Ranar Da Na Ji Gas Da Kunne

A Getso in ka ce kana neman Iliya, sai an tambaye ka wanne, don mun kai mu huɗu. In ka ce Iliya Rediyo, kowane mai shago zai nuna maka lungunmu. In kuwa ka ce yaron nan da ba ya ji, to ko akuyar unguwa sai ta raka ka har ƙofar gida. Da wannan shaidar na tashi. Inna ta faɗa, Baba ya faɗa, malaman sakandarenmu a Gwarzo sun faɗa har da sa hannu. To ni ɗin nan da gari ya haɗu a kan ba na ji, ni aka kusa korowa daga ƙasar Larabawa a kan laifin ji. Zan ba da labarin da bakina ne saboda 'yan majalisar bakin tasha sun fara yi masa kwaskwarima, har an ce Ɗanjummai mai faci yana rantsuwa wai kaza na sata a kicin.

Yadda Baba ya rabu da bijimin huɗarsa guda, da yadda wani ejan a Kabo ya dafa ƙirji ya ce aikin tuƙi ne a Dubai, duk ku bar wannan. Wanda ya taɓa fita ya san karatun, wanda bai fita ba kuma ba zai yarda ba sai ya fita.

Zangon farko Habasha. An sauke mu a filin jirgi aka ce mu jira wani jirgin, muka yini a kan kujerun ƙarfe, ga na'urar sanyi tana busa min ƙeya kamar da gayya. Ni kuma 'yar shat ce a jikina, don an ce min ƙasar zafi za ni. Da abin ya ishe ni sai na tare wata ma'aikaciya mai tura keken shara, na gyara murya, na ce mata, "Madam, I hear cold." Matar nan ta tsaya, ta karkata kai tana saurare, ta dubi sama, ta dube ni. Sai da ta ga haƙorana suna haɗuwa sannan ta yi murmushi, ta ja ni wani lungu bayan shagon turare inda iskar ba ta kaiwa, ta kawo min shayi a kofin takarda. Na sha ina sa mata albarka, ina kuma tausaya mata a raina. Na ce baiwar Allah ga kirki, amma Turancinta bai nuna ba.

Don ni a lokacin ban san akwai wanda ya fi ni ba. A aji huɗu na ajiye makaranta, amma ina da Turancin gidan ƙwallo, ina da wanda ake rubutawa a bayan tirela, ga kuma ɗan abin da ya maƙale min daga Malam Sabi'u. Malam Sabi'u mutumin Garo ne, shi yake koya mana Ingilishi, kullum a kan wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Ni ne mai kwaikwayon muryarsa in ya juya yana rubutu a allo. Ya taɓa ce min, Rediyo, kai tasha ɗaya gare ka, ta watsawa, ba ka da ta kamawa. Aji ya yi dariya, ni ma na yi, ban san ajiya ya yi min ba.

Zango na biyu Dubai, ta tagar bas. Gani ya kori ji, jama'a, benayen nan suna nan, ba haɗin hoto ba ne. Na ɗaga waya ina ɗauka, ina zaɓen wanda zan zauna a ciki. Bas ta wuce na farko, ta wuce na goma, ta ci gaba da tafiya har benaye suka koma kamar tsinken sakace a bayanmu, sannan suka ɓace. Sai rairayi da turakun lantarki. Inda aka sauke mu wani sansanin ma'aikata ne, dogayen ɗakuna a jere kamar na kajin gona, mutum takwas a ɗaki, gado bisa gado. Zafin wurin kuwa, ranar watan azumi a Gwarzo ƙanwarsa ce. Wani mai riƙe da fayil ya karɓe fasfo ɗinmu ya ce ajiya ce. Na tambaye shi ina motar da zan ja. Ya duba takarda, ya dube ni, ya miƙo min rigar kicin da takalmin roba.

Daga baya na yi wa ejan ɗin Kabo adalci. Tuƙi ya ce, bai ce na mota ba. Ludayin da aka ba ni ya fi muciyar gidan biki tsawo, tukunyar kuwa in ka faɗa ciki sai an zuro maka igiya. Abincin leburori ɗaruruwa muke dafawa, masu gina irin benayen da na zaɓa a hanya. Aikina yankan albasa, juya miyar wani ƙanƙanin wake da suke ci ba dare ba rana, jan buhu, da canja tukunyar gas in ta ƙare.

Mutum biyu za ku riƙe a kicin ɗin nan. Na farko shugabanmu, ana ce masa Shef, ni na sa masa Zakara, don da ƙirji yake tafiya kuma bai iya magana ba sai cara. Ba Balarabe ba ne, cirani ya zo kamar kowa, ba kuma zan faɗi ƙasarsa ba don 'yan ƙasarsu da yawa sun yi min halacci. Ya yi boko, Turanci a bakinsa kamar famfo ya ɓalle, kuma yana ji da wannan fiye da yadda yake ji da girkinsa. Na biyu Baba Kwaku mai wanke-wanke, mutumin Gana, sa'an Baba ne ko ya ɗan girme shi. Ya tashi kusa da zango, unguwar Hausawa a Kumasi, saboda haka yana da 'yar Hausarsa mai ɗingishi. Ranar da na fara aiki ya ƙare min kallo ya ce, "Yaro na, ka ci tuwo?" Kwana huɗu ke nan ban ji Hausa a bakin kowa ba. Na juya baya ina share ido, na ce albasa ce.

Shi yake tsare min aikina in zan yi azahar, ko da yake shi coci yake zuwa. Shi yake ɗebo min garin rogo da wani baƙin yaji nasu in shinkafar ta gundure ni. In kewa ta taso, wurin wankinsa nake zuwa in zuba masa labarin Getso, yadda ƙasa take ƙamshi in ruwan farko ya sauka, ɗanwaken Inna da man ƙuli, yadda ake rigima da ni a gidan ƙwallo. Rabi yake ganewa, amma yana gyaɗa kai a inda ya dace.

Akwai wani farin allo a jikin bango inda ake rubuta abincin rana. Wata rana aiki ya kai mu har bayan azahar ban sa komai a ciki ba, na je na ce wa Zakara, "Chef, I hear hungry." Ya sa na maimaita. Ya kira masu girki ya sa na sake maimaitawa. Sannan ya ɗauki alƙalamin maka ya ja layi a gefen allon, ya rubuta Mr Hear a sama, ya sa maganata a ƙasa, ya ɗauki hoto ya tura guruf ɗin ma'aikatan kicin a waya. Daga ranar na samu fili a allo. I hear sleep. I hear pepper. I hear pain for my back. Duk wadda ta fito sai ya rubuta, ya ɗauka, ya tura, da 'yan fuskokin dariya a ƙasa.

Ni fa ban ga abin dariya ba. Yunwa jin ta ake, barci jin sa ake, yaji jin sa ake, a makaranta kuma an ce mana ji shi ne hear. To ina laifina? Sau ɗaya na tambaye shi ya gaya min daidai ɗin, ya ce a'a, in na gyara wa zai riƙa ba su nishaɗi. Tun daga nan na ce ba zan ƙara roƙon sa ba. Wanda ya girma yana tsokanar kwandastoci a tashar Gwarzo ba a kashe shi da dariya. Na shiga ƙirƙiro masa wasu da gangan, yana rubutawa yana jin shi ne gwani, ni kuma duk wanda ya tura sai in ɗauki hoton fuskar wayata in aika wa yayata Hadiza, don ita take kai wa su Inna waya. Na ce ta gaya musu allon yabo ne, Mr Hear kuma wani muƙami ne kamar sarkin kicin. Inna har maƙwabta ta nuna wa.

Sai ranar kifi. An sauke katan-katan na kifi daga motar sanyi, ina buɗe na farko hancina ya ba ni labari. Na ce, "Chef, I hear this fish. It die two times." Kicin ya kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma ya matso ya sunkuya ya shinshina, fuskarsa ta canja. Ya sa aka mayar da kifin gaba ɗaya, ofis suka aiko masa da takardar yabo ya manna a bango. Ni kuma ladana layi ɗaya a allo, I hear fish. Ku riƙe kifin nan, zai dawo.

A watana na biyar, wata Talata da hantsi, abin ya faru. Da safe na canja tukunyar gas kamar kullum, na shafa kumfar sabulu a bakinta yadda aka koya min, kumfar ba ta motsa ba. Wajen ƙarfe goma ina wucewa ta bayan murhun ƙarshe da buhun albasa a kafaɗa, sai wani wari ya bugi hancina, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na dire buhun na nufi Zakara, ba wasa a fuskata, na ce, "Chef, I hear gas."

Ya kafa hannu a bayan kunne, ya ce kowa ya yi shiru a saurari waƙar da gas ɗin yake rerawa. Aka yi dariya. Na nuna masa hancina, na nuna bayan murhu. Ya ce kwata ce take wari, abinci ya makara, in koma kan albasata. Na juya zan je in murɗe kan gas ɗin, ya daka min tsawa ya ce in na taɓa shi a bakin aikina. Ya rubuta a allo, ya ɗauka, ya tura. Haushi ya sa na tsaya a bakin ƙofa na ɗauki hoton saƙon na aika wa Yaya Hadiza, na haɗa mata da murya, na ce in kun ji na mutu ga wanda ya kashe ni. Da wasa na faɗa.

Ban kai ga mayar da wayar aljihu ba aka kyasta murhun ƙarshe. Ƙarar ba ta kai yadda kuke zato ba, wani fuuu ne kamar an kaɗa babban bargo, sai ga wuta shuɗiya tana gudu a ƙasa. Baba Kwaku yana daidai wurin da tukwane a hannu. Na saki waya ta faɗa bahon wanke-wanke, na bi ta gefen wutar na murɗe kan gas ɗin. Wasu suka feso farin garin nan na kashe gobara. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Hannun Baba Kwaku na dama ya saɓule daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ni kuma na rasa girata biyu da gashin goshi, na koma kamar kan ragon layya bayan babbaka. An ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma ranar wani ne ya ƙi jin barin, wasu suka ji hohon.

Kafin la'asar an goge allo tas, hotunan guruf duk an share su, wayata kuma ta sha ruwa ta mutu. Washegari aka miƙo min takarda. An dakatar da ni, in zauna a ɗaki, bayan kwana uku zan gurfana gaban Madam ɗin sefti, wato jami'ar da take binciken haɗari a kamfanin. Wani ɗan ɗakinmu ya karanta min rahoton Zakara. Wai ni na ɗaura tukunyar ba daidai ba, kuma ban sanar da kowa cewa gas yana yoyo ba. In ta tabbata za a soke bizata a sa ni a jirgi, a rubuta cewa sakacina ya ƙona mutum.

Na kwanta a gadon sama ina kallon silin, ina ganin kaina na sauka a tashar Gwarzo ba gira ba tsaraba, Baba yana fama da bijimi ɗaya a gona, gari kuma yana cewa ai dama ba ya ji. Wannan kalmar ce ta hana ni cin abinci. Na ce wallahi ko za a kore ni, ba da wannan sunan ba.

Na je ɗakin shan magani na sansanin duba Baba Kwaku, na ari wayarsa na kira Yaya Hadiza. Ta gama kukanta da faɗanta, na ce ta turo min duk hotunan allon yabo a wannan lambar, kar ta bar ko ɗaya. Sai ta ce in daina ce mata allon yabo. Ashe tun watan farko Baba ya karɓi wayar ya je har Garo wurin Malam Sabi'u don a karanta masa yabon ɗansa. Malam ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ce wa Baba yaron yana ƙoƙari, a ci gaba da addu'a. Bayan kwana biyu ya kira Yaya ya gaya mata gaskiyar abin, ya ce kar a faɗa wa tsofaffi, amma duk ranar da Rediyo ya gaji da watsawa, ga lambarsa nan.

Na fi awa ina juya lambar nan. Mutumin da na yi shekara huɗu ina kwaikwayon muryarsa. Na dai danna. Yana gona, ina jin iska tana kaɗa ganyen dawa a bayansa. Na yi gaisuwa doguwa, na tambayi iyali, na tambayi damina, har babur na tambaya. Ya bar ni na gama kewaye-kewayena, sannan ya ce, "Rediyo, yau an kamo tasha ke nan?"

Na ce an kamo, Malam. Na zayyana masa komai. Ya ce to in buɗe kunne. Ji ɗin nan namu guda ɗaya, Bature yanka shi ya yi kashi biyar kamar naman watanda. Na kunne shi ne hear. Na hanci smell. Na harshe taste. Na jiki da zuciya feel. Na ƙwaƙwalwa understand. Hear ba ya shiga ko'ina sai inda sauti yake, kiran salla, kukan jaki, maganar mutum. Abin da ba ya ƙara, ba ruwan hear da shi. In kuma abin ya riga ya wuce, hear ya koma heard, smell ya koma smelled, tell ya koma told.

Na ce Malam, to ai harshensu ne ba shi da tattali, aikin da kalma ɗaya take yi mana su sai sun ɗauki ma'aikata biyar. Ya yi dariya har da tari, ya ce in fara tsira tukuna, in na dawo sai mu kai ƙarar Turawa gaban hakimi. Ya ba ni jimla uku ya sa na yi ta maimaitawa kamar hadda, yana gyara min yana korar awaki daga cikin wake. Da za mu rabu ya ce, "Kar ka je ka nuna musu ka iya Turanci, don ba ka iya ba. Ka nuna musu shi ya gane."

Na ce na ji, amma a gaskiya jimlolin kawai na riƙe. Kwana biyu ina hadda, a layin abinci, a layin banɗaki, har 'yan ɗakinmu suka zaci wani wuridi ne suka daina yi min surutu.

Zangon ƙarshe ofis. Ɗaki mai sanyi, dogon tebur, Madam a tsakiya da tabarau a kan hanci, mace ce marar yawan magana. Zakara ya sha guga, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Shi aka fara ba dama. Ya yi ta zuba, abin da na tsinta shi ne, eh, yaron ya yi wata magana, ya ce yana hear gas. To kowane murhu in yana ci ai yana huci, kowa yana jin wannan ƙarar, ta ina zai san wari ake nufi? Shi Turanci ya iya, ba duba ba.

Madam ta juyo ta ce in faɗi nawa. Na miƙe, ko da yake ba a ce in miƙe ba. Na ce, "I smelled gas. I told Chef. He heard me."

Sun fita sumul, ko Malam sai ya tafa. Sai na ga Zakara yana murmushi. Ya buɗe hannu ya ce Madam ta gani da kanta, ashe yaron ya san smell, to me ya hana shi faɗa ranar, da ba a kai ga haka ba. Wato Turancin da na yi kwana biyu ina wankewa shi ya zama igiyar da za a ɗaure ni. Madam ta rubuta wani abu.

A nan maganar Malam ta ƙarshe ta faɗo min. Na ajiye hadda na ɗauko Turancina na asali mai faci. Na ce wa Madam smell ɗin nan shekaranjiya na samo shi, a waya, daga wata gona a Garo. Kafin nan komai hear nake cewa, kuma akwai wanda ya fi kowa sanin haka, don shi yake rubutawa. Na ajiye mata wayar Baba Kwaku. Ta shiga turawa da yatsa, yunwa, barci, yaji, ciwon baya, kowanne da sunan wanda ya turo da 'yan fuskokin dariyarsa. Ta zo kan na Talata, ta duba lokacin, ta ɗaga ido. Zakara ya ce ai abin da yake faɗa ke nan, wasa ake da yaron kullum, ba wanda yake ɗaukar maganarsa da ma'ana.

Na ce ta koma baya kaɗan, ta tsaya a kan kifi. Na tuna mata takardar yabon da ofishinsu ya ba shi, tana nan manne a bangon kicin. Sannan na juya na fuskanci Zakara, na jera kalmomin a hankali yadda ake jera ƙwai a tire.

"Chef, that day, did you hear the fish, or did you smell it?"

Wata biyar ina jiran ranar da Zakara zai rasa cara, sai ga ta ta zo. Madam ta cire tabarau ta ce masa tambaya aka yi. Ya ce kifi daban, gas daban. Ta ce haka ne, amma da yaron ya ce yana hear kifi, kunne ya kai ko hanci?

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Baba Kwaku da hannu a naɗe. Ba wanda ya kira shi, kuma ya san abin da shigowar za ta iya ja masa. Ya ce shi ba dogon zance ya kawo ba. A yarensu ma kalma ɗaya ce take ɗaukar kunne da hanci, saboda haka da yaron ya yi magana shi ya gane, rabin kicin sun gane, Shef ma ya gane. Laifinsa shi ɗaya ne, da ya ji bai ajiye tukwanen ya fita ba, don yana tsoron tsawa. Ya ɗaga hannun ya ce ga abin da tsoron ya ja masa.

Madam ta tashi da kanta ta ce a kai ta kicin. Aka jawo murhun ƙarshe, wanda ba a ƙara kunnawa ba tun ranar. Bakin tukunyar da na ɗaura lafiya ƙalau. Tiyon bayan murhun ne ya tsufa ya tsage, ga ragowar salatif ɗin da aka taɓa naɗe shi da shi nan a narke.

Kar ku zaci an kori Zakara. Takardar gargaɗi aka ba shi, aka cire ta yabon daga bango, yana nan yana cara, sai dai muryar ta ragu. Ni ma ba a ba ni mota ba, ludayina aka mayar min. Amma an yaga takardar kora, an rubuta a fayil cewa ni na sanar kuma ni na rufe gas. Da Madam ta gama bayani ta tambaye ni ko na gane, na ce, "I understand," na kuma ji daɗin yadda na zaro ta daga cikin biyar ɗin ban yi tuntuɓe ba. Baba Kwaku ya warke, fatar wurin ta yi fari-fari, yana cewa yanzu rabinsa Bature ne. Girata ta dama ta fito, ta hagu har yau tana shawara. Ɗanjummai kuma, in ka ga kazar da na sata ka soya, na bar maka.

Na kira gida aka ba Inna. Yaya ta riga ta fesa mata komai, har da maganar allo. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ikon Allah. Kai da ba ka ji, kai ne ka ji abin da manya suka kasa ji." Na ce Inna dama can ina ji, zaɓa nake yi. Ta ce in rufe mata baki.

Allon yana nan, abinci kawai ake rubutawa. Yanzu na san inda hear yake tsayawa, ina ce musu I feel cold, I smell onion, kamar ɗan gidan lauya. Amma Zakara kam na ware masa nasa. Duk umarnin da ya ba ni, sai in dube shi in ce, "Na ji." Ya je ya tambayi Baba Kwaku ma'anarta, Baba Kwaku ya ce masa tana iya zama hear, tana iya zama understand, tana iya zama smell, ya danganta. Rannan na ce masa na ji, sai na hango shi ya saci jiki ya leƙa bayan murhu yana shinshine-shinshine.

Abin da Baba Kwaku bai sani ba, Malam Sabi'u ma bai sa a rabonsa ba, akwai ji na shida, wanda Bature bai samu kaso a ciki ba. Shi ne wanda nake ce wa Inna tun ina ɗan shekara bakwai in ta ce kar in je rafi. Duk ɗan Getso ya san shi. Shi nake ba Zakara safe da rana, kuma wannan ba zai taɓa iya rubuta shi a allo ba.